Algaita da lissafi: abin da manhajar FM za ta iya yi wa kiɗan Damagaram

Duk wanda ya mallaki akwatin rediyo a ƙasar nan ya san haruffan nan guda biyu, wato FM, tun daga shekarun 1990 lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka fara watsa shirye-shiryensu, ɗan kasuwa yana saurare a rumfarsa, ma'aikaci yana saurare a wurin aikinsa. To amma akwai wata FM ta biyu wadda ba kowa ya san da ita ba, ko da yake kunnuwanmu sun daɗe suna shan ta. Ita wannan aikinta ƙera sauti ne, kuma a yau tana zaune cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta samari masu haɗa kiɗa, daga Yamai har nan Damagaram.

Na yi ƴan shekaru ina haɗa ƙananan kaɗe-kaɗe a gida, na tallar ƴan kasuwa da na waƙoƙin biki, da kwamfuta ɗaya da wata manhaja mai suna Dexed. Abin da na gani a cikin wannan aiki shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin maganar ta wuce ta samari da sha'awarsu, ta taɓa abincin makaɗanmu, ta kuma taɓa irin sautin da jikokinmu za su tashi suna ɗauka cewa shi ne namu.

Bari mu fara da kalangu, tun da kowa ya san shi. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammatarsa, murya ta hau; idan ya saki, ta sauka. Da wannan hawa da sauka ne kalangu yake magana, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya gane da shi ake. To a ce akwai wani makaɗi mai hannun aljan wanda zai iya matsewa da saki sau ɗari huɗu a cikin sakan guda. Kunnen ɗan Adam ba zai ƙara jin hawa da sauka ba, domin da zarar abin ya wuce wajen sau ashirin a sakan, sai ya narke ya zama wata sabuwar murya mai launi dabam. Wannan shi ne dukan asirin FM: sauti ɗaya yana girgiza wani da saurin gaske, su biyun su haifi na uku. Ni nakan kira na farko mai girgiza, na biyu kuma ɗan dako, tun da shi ne yake ɗauke da kayan har zuwa kunne.

Wanda ya gano haka wani mawallafin kiɗa ne Ba'amurke, John Chowning, a jami'ar Stanford a shekarar 1967, ya kuma buga bayanin bincikensa a 1973. Akwai darasi ga ƴan kasuwa a abin da ya biyo baya. An kai wa kamfanonin Amurka masu ƙera kayan kiɗa wannan dabara, suka duba, ba su ga riba a cikinta ba. Sai mutanen Japan suka zo, kamfanin Yamaha na garin Hamamatsu, suka karɓi izinin amfani da ita. Mu nan da an ce Yamaha sai hankalinmu ya tafi ga babur, alhali asalin gidan na kayan kiɗa ne tun 1887, sashen babura kuwa sai a 1955 ya tsaya da ƙafarsa. Suka yi shekaru suna aiki a kan dabarar, a 1983 suka fito da wani fiyano mai suna DX7, wanda aka sayar a Amurka a kan kuɗi kusan dalar Amurka 2,000, ya kuma zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa na lantarki da aka fi saye a tarihi.

A cikin DX7 akwai masu samar da sauti guda 6, da hanyoyi 32 na jera su, wani ya zama ɗan dako, wani mai girgiza, wani kuma ya girgiza mai girgizan. Sannan kamfanin ya zuba sautuka 32 da aka riga aka shirya. A nan ne abin mamaki ya faru. Na'urar da za ta iya ƙera muryoyi marasa iyaka, sai mafi yawan waɗanda suka saye ta suka tsaya ga abin da suka tarar a ciki, saboda allonta ƙarami ne ƙwarai, lissafinta kuma yana da wuyar shiga kai. Shi ya sa idan ka saurari waƙoƙin soyayya na Amurka na shekarun 1980, irin na su Whitney Houston, za ka yi ta jin wani fiyano guda mai ƙara kamar ana kaɗa gilashi. Mawaƙa da yawa, murya ɗaya, wadda wasu mutane ƙalilan suka zaɓa musu tun daga masana'anta.

A wancan zamani ba ɗan Damagaram ba ne zai sayi irin wannan kaya cikin sauƙi, balle bayan watan Janairu na 1994 da aka karya darajar kuɗin CFA, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka. Duk da haka sautin FM ya iso mu ta ƙananan hanyoyi: ta ƙananan fiyanon Yamaha masu arha na shekarun 1980, ta akwatunan wasan yara irin na Sega, ta kuma ƙarar wayoyin hannu da yawa na farkon shekarun 2000. Daga baya, bayan wa'adin haƙƙin mallakar dabarar ya cika a tsakiyar shekarun 1990, sai aka fara mayar da ita manhaja. Kamfanin Native Instruments na Jamus ya fitar da FM7, sannan FM8 a 2006. A cikin FL Studio, wadda samarinmu suka fi sabawa da ita, akwai Sytrus. Ita kuwa Dexed kyauta ce, ba a biyan ko tamma, kuma tana karanta duk sautukan da aka shirya wa DX7 na asali. Abin da attajiri ya yi shakkar saye a 1983, yau ɗan lakwal yana da shi a cikin jakarsa.

Ya kamata a bambance abu biyu a nan. Yawancin fiyanon da ake kaɗawa a bukukuwanmu, da wanda ya haifi kiɗan finafinan Kano da ya cika kasuwa tun zamanin Sangaya a 1999, sautin da aka ɗauka ne aka adana a cikinsu: an sami mai sarewa ko mai ganga a wata ƙasa, an naɗi muryar kayansa, kai kuma kana danna maɓalli tana fitowa. Wannan kamar sayen atamfa ne a kanti, zanen da aka buga shi za ka ɗaura. Manhajar FM kuwa babu muryar kowa a cikinta, lissafi ne zalla. Masaƙa ce da zare, abin da ka iya saƙawa shi za ka samu.

Ga misalin yadda lissafin yake. Ka ɗauki ɗan dako mai kaɗawa sau 440 a sakan, ka ba shi mai girgiza shi ma mai 440. Abin da zai fito shi ne 440 da 880 da 1320 da 1760, haka har sama, kowanne ninkin na farko ne, kunne kuma yana jin su a dunƙule kamar muryar abin busa. Gwargwadon yadda ka ƙara wa mai girgiza ƙarfi, haka muryar take ƙara kaifi, kamar yadda ƙaho yake yi idan mai busa ya cika ƙirji. Amma idan ka sa mai girgiza a 616, sai a sami 176 da 792 da 1056 da 1672, lambobin da ba su ga maciji da juna, abin da kunne zai ji kuwa shi ne ƙarfe: ƙararrawa, ko kuge, ko guduma a kan uwar maƙera. Da na gane wannan, sai na ga ashe kayan kiɗan fadarmu, waɗanda yawancinsu busa ne da ƙarfe da fata, suna cikin abin da wannan dabara ta fi iya kusanta.

To amma me muke yi da ita? Abin da mutanen 1983 suka yi shi muke maimaitawa. Yaro zai buɗe manhaja, ya tarar da dubban sautuka da aka shirya a Turai da Amurka da Japan, ya zaɓi wanda ya ji a waƙar da take tashe, ya ɗora. Ba na zargin kowa, domin mai neman abinci ba ya da lokacin dogon lissafi, mai biki yana jira, mai talla yana jira. Sai dai sakamakon a fili yake. Ka zagaya kasuwar Dole ranar Alhamis ka saurari abin da yake fitowa daga lasifikoki, da wuya ka iya cewa wannan daga Damagaram yake, wancan daga Kano, wancan daga Maraɗi. A garin da ya fitar da Ma'azu Ɗan Alalo, wannan abin dubawa ne. Ban da haka, mutum ɗaya da fiyano yana tsayawa a gurbin ƙungiyar makaɗa guda, kuɗin da ake raba wa gidaje da dama ya koma aljihu ɗaya, ɗan makaɗi kuma ya ga babu dalilin da zai sa ya gaji ubansa.

Na ɗauki watanni ina ƙoƙarin ƙera muryar algaita. Na sa ɗan dako da mai girgiza a kan lamba ɗaya, na ƙara na uku a sama domin a sami wannan tsinin da yake huda kunne, na bar na ƙarshe yana girgiza kansa kaɗan domin a ji kamar hucin iska. Da na ga abin ya fara kama hanya, sai na ɗauki kwamfutar na tafi wurin wani dattijo mai busa a unguwar Birni, wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Na gaishe shi, na ce, «Baba, ga wani abu na kawo a duba mini.» Ya saurara har sau uku bai ce komai ba. Sannan ya ce, «Yaro, rigar algaita ce, amma babu kowa a cikinta.»

Na roƙe shi ya bayyana mini, ya ɗauko tasa ya busa. A nan na lura da abubuwa uku. Na farko, shi ba ya faɗa wa murya kai tsaye, daga ƙasa yake taso mata ya hau, kamar mai shiga zauren manya yana sunkuyawa. Na biyu, sautinsa ba ya yankewa, domin yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda, alhali ni duk sa'ad da na ɗaga yatsa sai muryar ta mutu. Na uku, kuma shi ne babba, shi magana yake yi. Kowace busa kirari ce, tana bin hawa da saukar kalmomin Hausa, wanda ya san fada yana jin sunan da ake kira. Biyun farko na sami hanyar gyara su a cikin manhaja, ta hanyar sa muryoyi su riƙa zamewa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da yankewa ba. Na ukun kuwa babu maɓallinsa. Sai wanda ya zauna ya koyi taken, ya san na wane ne, ya san ranar da ake busa shi.

Akwai kuma maganar ma'auni. Fiyanon Turawa ya raba tsani ɗaya na murya gida 12 daidai wa daida, duk wanda ya kaɗa shi dole ya taka waɗannan matakai. Gurmi da goge da algaita ba a wannan mudu aka auna su ba, yawancin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba lalle ta zo daidai da ta fiyano ba. Shi ya sa idan aka ɗora tsohuwar waƙa a kan fiyano, dattawa sukan ce an yi mata aski. Abin farin ciki shi ne manhajoji irin su Dexed suna karɓar ma'aunin da mutum ya shirya da kansa. Ana iya zama da mai gurmi, a auna inda yatsunsa suke sauka, a rubuta lambobin, a ba na'ura. A karo na farko na'urar ce za ta bi mu.

Sai dai duk abin da aka sami iko a kansa, tambayar da take biye ita ce ko ya dace. A ƙasar Hausa kiɗa yana da masu shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, komo na maharba. Kakaki da tambari kuwa na sarki ne, tun zamanin da Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ya shigo da kakaki a ƙarni na 15, kuma har yau idan aka ji shi a ƙofar fadar Damagaram an san wanda ya fito. Muryar kakaki ba ta da wuyar kwaikwayo da FM, ta ma fi ta algaita sauƙi. Wani ɗan kasuwa, mutumin kirki, ya taɓa neman in sa masa ita a farkon tallar shinkafarsa domin a ji nauyi. Na ce, «Alhaji, a yi mini afuwa, wannan ba tawa ba ce balle in sayar.» Muka zauna muka shirya masa wani kiɗa mai tsarin gangar noma, ya kuma yi murna da shi. Babu dokar da ta hana ni, babu dogarin da zai zo ya kama kwamfuta. Amma ranar da kakaki ya zama abin tallar shinkafa da sabulu, ranar ya daina zama kakaki, kuma mu da hannunmu muka kashe shi.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a guje wa na'ura ne. Damagaram ba ta taɓa jin tsoron kayan baƙi ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi daga fatake ba, sai da ya sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin garin nan. A fagen kiɗa ma muna da magabata. Mamman Sani, malamin makaranta kuma ma'aikaci, ya sami wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya zauna ya ɗora masa waƙoƙin ƙasar nan, ya naɗi kaset ɗinsa a 1978, gidan rediyo da talabijin na ƙasa suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da wannan aiki, duniya ta saurara. Bayansa wani matashi a Yamai mai suna Hama ya bi sawu, ya ɗauki waƙoƙin Buzaye ya saƙa su da fiyanon Yamaha da kwamfuta, ya fitar da Houmeissa a 2019. Abin da ya sa baƙi suka waiwayi waɗannan mutane biyu shi ne sun ji abin da babu shi a ƙasashensu. Ta ɗaya gefen kuma ga marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a jihar nan tamu, wanda a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsohon da ya rage mai kaɗa biram na Buduma, ya koya, ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Shi ya nuna mana cewa kayan kiɗa yakan mutu ne idan aka rasa mai zuwa ya durƙusa ya tambaya.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba mai tsada ba ce. Kundi ɗaya na DX7 yana ɗauke da sautuka 32, nauyinsa kuma bai wuce kilobait 4 da ƴan kai ba, bai kai ko hoto guda na waya ba, ana iya tura shi ta WhatsApp cikin ƙiftawar ido. Me zai hana a sami kundin Damagaram? A zauna da masu algaita da sarewa da gurmi da goge da kalangu, a ƙera muryar kowanne a gabansu, su ne za su ce ya yi ko bai yi ba, a rubuta sunan kowane makaɗi a jikin sautin da aka ɗauko daga gare shi, a kuma biya shi haƙƙin zamansa. Abin da yake na fada a nemi iznin fada, abin da aka ce a bari a bar shi. Ɗaliban jami'ar Damagaram masu karatun lissafi da kimiyya suna da ilimin da ake bukata, makaɗa suna da kunnen, abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su a tabarma ɗaya.

A nan ne maganar ta zo kanku, masu karatu. Ku ƴan kasuwa, ku ne kuke biyan kuɗin talla, ku ne kuke ɗaukar nauyin bukukuwa. Idan kuka ce wa mai haɗa kiɗa kuna son a ji garinku a cikin tallarku, kuma kuna son a kira mai gurmi na gaske a ba shi ƴan jikkuna ya zauna a yi aikin da shi, gobe za a fara, domin mai kuɗi shi ne mai zaɓen launi a wurin marini. Ku kuma ma'aikata, musamman na fannin al'adu da na ilimi da na gidajen rediyo, a hannunku ɗakunan naɗar sauti suke, a hannunku takardun neman tallafi suke. Dattawan da suka san taken kowane basarake da kowace sana'a ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke yi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Su kuwa ƙannena masu kwamfuta, abin da zan ce musu kaɗan ne. Ku buɗe manhajar, ku share sautin da kuka tarar, ku fara da ɗan dako ɗaya da mai girgiza ɗaya, ku yi ta juya lambobi har kunnenku ya san aikin kowace. Bayan haka ku rufe ta, ku je ku gai da makaɗin unguwarku.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba makaɗanmu magada, ya sa mu dace. Sai wani mako in Allah ya kai mu.